Celo mai ƙirar Stradivari ko Montagnana: me mutum yake saya da kuɗinsa?

Baban Sa'adatu, Nima

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kayan kiɗan Turawa, musamman babban gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kira celo, wanda makaɗi yake zama a kujera ya riƙe shi tsakanin gwiwoyinsa. 'Yata tana karatun kiɗa a jami'a a nan Akra, kuma celo ne abin da ta sa a gaba. Tun farko na malaminta take ara, yanzu kuwa malamin ya ce lokaci ya yi da za ta mallaki nata.

Ta nuna mini tallace-tallace a intanet, kuma a nan ne kaina ya ɗaure. Wani an ce ƙirar Stradivari ce ta 1712, wani ƙirar Montagnana ta 1739, wani kuma ta Goffriller, alhali dukkansu sababbi ne fil, an yi su bana ko bara, wasu a Italiya, wasu a Romaniya, wasu a Sin. Kowane mai talla yana cewa nasa aikin hannu ne, amma farashin wani ya ninka na wani sau goma ko fiye. Shin sunayen waɗannan masassaƙan goge da suka rasu tun shekaru aru-aru suna da wani tasiri a kan sautin abin, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai? Sa'an nan, da yake Allah ya albarkaci ƙasar nan da katako da masu sana'ar katako, me zai hana a ba wani gwanin kafinta a Kumasi zanen ya yi mana shi da itacen gida? Ina roƙon 'yan'uwa a tsaya a kan tambayar, domin batun hukuncin kiɗa mun riga mun tattauna shi da malamanmu.

Mai Tsirkiya Huɗu, Madina

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka. Celo nake koyarwa, don haka bari in fara da sunayen, tun da su ne suka fi rikita mai saye.

Idan aka ce ƙirar Stradivari, abin da ake nufi shi ne an bi awonsa: tsawon jiki, faɗin ƙirji da ƙugu da ƙasa, tashin doron allon gaba da na baya, da siffar kafofin nan biyu da sauti yake fita ta cikinsu. Ba a nufin cewa sautin zai yi kama da na ainihin wanda Stradivari ya sassaƙa. Teloli biyu za su iya yanka riga a kan awo ɗaya, ɗaya ta zauna wa mai ita daram, ɗaya ta yi ta zamewa daga kafaɗa, saboda yadi da hannu ba ɗaya ba ne. Amma awon kansa ba wasa ba ne, kuma yana da tarihin da ya kamata ku sani kafin ku zaɓa.

Kafin shekarar 1700 yawancin celo manya ne ƙwarai, jikin wasu yana kai santimita 79 ko 80, domin tsirkiyar lokacin hanjin dabba ce zalla, kuma ba ta ba da amo mai zurfi sai an tsawaita ta. Wajen shekarun 1660 masu sana'a a yankin Bologna suka fara naɗa siririyar wayar ƙarfe a jikin tsirkiyar hanji, ta yi nauyi ba tare da ta yi kauri ba, sai ya zamana ana iya samun amon ƙasa a kan gajeren jiki. Daga nan masassaƙa suka shiga rage girma, kuma daga baya aka yayyanke tsofaffin manyan da yawa aka mayar da su ƙanana. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira shi ne wanda Stradivari ya yi a 1701, wanda ake kira Servais, yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Wajen 1707 ne Antonio Stradivari, a garin Kremona, ya fito da sabon awo mai tsawon jiki kimanin santimita 76, siriri idan aka kwatanta da na da, kuma a kan wannan awo ya yi mashahuran nan, Duport na 1711 da Davidov na 1712. Yawancin celo da ake yi a duniya a yau, har da na ɗalibai mafi arha, jikokin wannan awo ne. Saboda haka idan mai talla ya ce nasa ƙirar Stradivari ne, bai faɗi ƙarya ba, amma kuma bai faɗi wani abin kirki ba.

Domenico Montagnana a Venis ya yi aiki, ya rasu a 1750, kuma hanyarsa daban ce: jikin nasa ya fi gajarta kaɗan amma ya fi faɗi sosai, musamman daga ƙugu zuwa ƙasa. Makaɗa sukan ce ƙirarsa tana ba da amo mai kauri da duhu, kuma tana jure danna izga da ƙarfi, ta Stradivari kuwa sautinta ya fi tsabta da kaifi, amma tana son hannu mai lura, idan aka danne ta sai ta shaƙe. Matteo Goffriller, shi ma a Venis ya yi aiki kuma ya girmi Montagnana, nasa sun bambanta da juna ƙwarai, don haka mai cewa ƙirar Goffriller sai an tambaye shi wanne ya bi. Shahararren makaɗin celo Pablo Casals ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana kaɗa Goffriller. Yo-Yo Ma kuma, wani babban makaɗin, ya daɗe yana kaɗa Montagnana na 1733 tare da Davidov ɗin da na ambata.

Labarin Davidov ɗin nan yana da darasi ga mai saye. Kafin ya zo hannun Yo-Yo Ma, na Jacqueline du Pré ne, makaɗiya 'yar Ingila, kuma duk da darajarsa bai dace da hannunta mai ƙarfi ba. A 1970 aka samo mata sabon celo daga Sergio Peresson, masassaƙi ɗan asalin Italiya mazaunin Amurka, shi ta riƙa kaɗawa har rashin lafiya ta tsayar da ita a 1973.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, su kansu tsofaffin ba a yadda masu su suka bar su suke ba. A ƙarni na 19 an sauya wa kusan dukkansu wuya, aka ƙara masa kwanciya zuwa baya, aka sa doguwar sanda mai ƙarfi a ƙarƙashin allon gaba, aka kafa tsinken da celo yake tsayawa a kai, yau kuma tsirkiyar ƙarfe ake ɗaura musu. Mai kwaikwayo na yanzu yana bin jikin Stradivari ne, amma wuya da tsirkiya da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya take hawa kansa, duk na zamani yake sawa.

Game da takardar da ake mannawa a ciki, ku leƙa ta kafar sauti ta hagu za ku gan ta. Tun ƙarni na 19 masana'antu a Jamus da Faransa suke manna sunan Stradivari a cikin kayan da ba su da iyaka, don haka ganin sunan ba ya nuna komai. Masassaƙi mai mutunci sunansa yake rubutawa, da garinsa, da shekarar da ya gama aikin, sa'an nan in ya so ya ƙara cewa awon wane ya bi.

Ɗan Zango a Brescia

Alhaji, ina gaishe ku daga Italiya. Ni ba makaɗi ba ne, aikin masana'anta ya kawo ni, amma Kremona ba ta da nisa da inda nake, kuma na shiga gidan tarihin goge da aka buɗe a can a 2013. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gogunan da ke cikin gilashi ba ne, kayan aikin Stradivari ne: allunan awo da yake lanƙwasa gefen goge a jikinsu, duk sun yi duhu sun sha hannu, da 'yan takardun da ya yanka ya yi zane a kai, da ƙananan kayan sassaƙa. Babu wata na'ura ta ban mamaki a cikinsu. A garin akwai makarantar koyon wannan sana'a tun 1938, ɗalibanta daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, akwai kuma shagunan masassaƙa sama da ɗari, kuma a 2012 UNESCO ta sa sana'ar a cikin jerin al'adun gado na duniya.

Inda nake so in ƙara a kan bayanin Malam shi ne batun aikin hannu, domin a nan farashin yake rabuwa. Akwai celon da mutum ɗaya yake yi daga zaɓen katako har shafa banish, wato man da ke sa katako sheƙi, na ƙarshe. Zai sassaƙe doron allo da cizal, ya bi shi da 'yan ƙananan abin fira waɗanda wasunsu ba su wuce babban yatsa ba, yana yi yana auna kauri, yana lanƙwasa allon a hannu ya ji taurinsa, yana ƙwanƙwasa shi ya saurara, har kaurin ya dawo milimita huɗu zuwa biyar, wani wuri ya fi wani, gwargwadon abin da wannan katako yake so. Irin wannan yana cin watanni, mai shi ba ya yin fiye da 'yan kaɗan a shekara, kuɗinsa kuwa dubban yuro ne goma-goma. Akwai kuma na shago mai ma'aikata da yawa, wannan yana yin kai, wancan yana yin gefe, wani yana shafe, babban masta yana dubawa. Shi ma aikin hannu ne ba ƙarya, kuma irinsa ake yi a Reghin ta Romaniya da Huangqiao ta ƙasar Sin. A ƙasa da su akwai wanda inji ya fafe allunansa duka da kauri ɗaya, aka fesa masa fenti mai ƙyalli, hannu bai taɓa shi ba sai wajen harhaɗawa. Duka ukun za su iya ɗaukar sunan Montagnana.

A yi hattara da wani abu kuma. Akan sayo celo fari, wanda ba a shafe shi ba, daga wata ƙasa mai arhar aiki, a gyara shi kaɗan a shafe shi a Turai, a sayar da shi da sunan garin da aka shafe shi. Saboda irin wannan ne ƙungiyar masassaƙan Kremona ta fito da tambari da takardar shaida ga abin da aka yi a garin tun daga farko har ƙarshe. Idan za ku biya kuɗin mutum ɗaya, ku nemi hotunan aikin yana tafiya, da takardar shaida mai sa hannunsa.

Kada kuma kalmar sabo ta sa ku raina abin. A 2012 an yi wani gwaji a kusa da Paris, ƙarƙashin mai bincike Claudia Fritz da masassaƙi Joseph Curtin, inda aka ba manyan makaɗa goma goge goma sha biyu, shida tsofaffin Italiya, shida sababbi, aka sa musu baƙin tabarau don kada su gane wanne suka riƙe. Shida daga cikin goman sabo suka zaɓa. Ƙaramin goge aka gwada ba celo ba, kuma sababbin na manyan gwanaye ne ba na masana'anta ba, amma ya isa ya nuna cewa hannun mutanen yau bai mutu ba. A ganina, ga ɗalibar jami'a, na shago mai kyau wanda gwani ya daidaita masa jaki da tsirkiya ya wadatar, sauran kuɗin a sa a baka mai kyau da akwati mai tauri.

Kafintan Aboabo, Kumasi

Salamu alaikum. Baba Alhaji, tun da kun ambaci masu sana'armu, bari in amsa da gaskiya ko da ba za ta yi mana daɗi ba. An taɓa kawo mini celo wanda allon gabansa ya rabu da gefe, na buɗe shi na ga cikinsa, kuma tun daga ranar na san cewa wannan aiki ba reshen kafinta ba ne, sana'a ce mai zaman kanta. Gefen nan da kuke gani mai faɗi, kaurinsa bai kai milimita biyu ba, a kan ƙarfe mai zafi ake lanƙwasa shi. A ciki akwai wani ɗan ginshiƙi siriri a tsaye tsakanin allon gaba da na baya, kusa da ƙafar jaki, babu gam babu ƙusa, matsi kawai yake riƙe da shi, kuma idan ya gusa da kaurin farce sautin ya canja. Wanda ya saba da kujera da ƙofa zai iya fitar da siffar ta yi kyau a ido, amma abin ba zai yi magana ba.

Batun katako kuma, allon gaba da wani itacen ƙasar sanyi ake yi mai suna sifrus, wanda ake yabon na dazukan Val di Fiemme a duwatsun arewacin Italiya. Sanyi yana sa shi girma a hankali, layukansa su fito a miƙe kusa da juna, ya zama ba nauyi amma ga tauri a tsawonsa. Baya da gefe da wuya kuwa mepul ne, galibi daga yankin Balkan. Wawa ɗinmu ba shi da nauyi, gaskiya ne, amma ba shi da wannan taurin, ga shi ƙwaro yana son sa, don haka ban ga yadda zai ɗauki nauyin tsirkiya huɗu shekara da shekaru ba. A allon baya ne nake ganin akwai ƙofar gwaji, domin su kansu mutanen Italiya na da ba mepul kaɗai suka yi amfani da shi ba, Stradivari ya yi wasu da itatuwa masu laushi irin su fofla da wilo, kuma sapele da mahoganinmu sun daɗe suna shiga jita. Baƙin allon da yatsu suke dannawa ma eboni ne, ɗan'uwan kanya, kuma da yawansa daga Afirka yake fita. Ina fatan wata rana wani yaron zango ya je ya koyo sana'ar ya dawo ya gwada itacenmu, amma kada a yi gwajin da kuɗin karatun 'yarku.

Abin da ban ji an ambata ba, kuma a wurina ya fi sunan ƙira muhimmanci, shi ne iskar ƙasar nan. An yi waɗannan kaya ne don ɗaki mai danshi tsaka-tsaki, kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Akra a bakin teku take, danshinta yakan wuce haka nesa a yawancin shekara. Katako ya sha ya kumbura, wuya ya sauka, tsirkiya ta yi nisa da allon yatsu har kaɗawa ta zama wahala, turakun ɗaure tsirkiya su cije, ƙarfe ya yi tsatsa. Sai hunturu ya sauko daga Disamba, iska ta bushe cikin 'yan kwanaki, katakon ya tsuke da sauri, kuma a nan ne ake samun tsagewa. Mu a Kumasi mun san yadda ƙofar da ta ƙi rufuwa da damina take sakin jiki a watan Janairu.

Saboda haka ne ake haɗa celo da gam ɗin fata, wanda ake narkarwa a ruwan ɗumi. Da gangan aka zaɓe shi, domin idan katako ya motsa, haɗin ne yake buɗewa maimakon allo ya tsage, kuma ana iya sake manne shi. Ina roƙon duk mai irin wannan kaya, idan haɗi ya buɗe kada ya bari a zuba masa farin gam ɗinmu na kafinta ko gam mai kamawa nan take, domin ranar da aka so buɗe shi don gyara sai katakon ya yage. Ku tambayi mai sayarwa shekara nawa katakon ya yi yana bushewa kafin a sassaƙa shi, domin ɗanye ba zai ga hunturu biyu lafiya ba. A ajiye shi cikin akwatinsa a rufe, da ɗan ma'aunin danshi a ciki, nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a bar shi a mota da rana.

Yayar Ɗalibai, Mamobi

Baba, ina wuni. Na riga Sa'adatu shiga wannan hanya, kuma da izinin Malam ina so in ɗan saɓa wa masu cewa ƙirar ba ta da wani muhimmanci. Ga kunnen mai sauraro wataƙila haka ne, amma ga jikin mai kaɗawa akwai bambanci. Faɗin Montagnana yana sa a buɗe gwiwa sosai, kuma idan yatsu za su gangara can ƙasan tsirkiya sai hannun hagu ya tsallake faffaɗar kafaɗar celon, abin da yake gajiyar da mai ƙaramin jiki idan ana atisaye na sa'o'i. Faɗin ƙugun kuma yana sa izga ta riƙa taɓa gefe idan jakin bai yi tsawo yadda ya kamata ba. Ba kowane akwati yake shiga ba, sai an nemi mai faɗi, wanda ya fi tsada kuma ya fi wuyar shiga tasi, balle tirotiro. Idan ita ba doguwa ba ce, ta fara gwada ƙirar Stradivari, ko ma ƙananan irin na Guadagnini, wani tsohon masassaƙin Italiya, ko wanda ake kira bakwai bisa takwas, wato mai ɗan gaza cikakken girma. Babu abin kunya a cikin wannan.

Kuma a lissafa kuɗin kawo shi tun yanzu. Masu tafiya da celo a jirgi sukan saya masa kujera tasa, domin jefa shi cikin kaya kasada ce. Idan ta kamfanin aika kaya zai zo, akan sassauta tsirkiya a cire jaki, kuma a hanya ɗan ginshiƙin da Kafinta ya ambata yana iya faɗuwa. Idan an ji wani abu yana gangarawa a ciki, kada a ɗaure tsirkiya ko kaɗan sai an tsayar da shi, in ba haka ba allon gaba zai iya tsagewa.

Mai Tsirkiya Huɗu, Madina

Maganar ɗiyata gaskiya ce, na karɓa. Alhaji, abin da zan ƙara shi ne kada a saya daga hoto da bidiyo kaɗai idan da hali, domin makirufo yana yi wa kowane celo kwalliya. Idan akwai wani naku a Turai, ya je shagon da wani makaɗi, ko kuma a yi yarjejeniya a rubuce cewa za a iya mayar da shi cikin wa'adi. Idan ya iso, ta kaɗa shi a babban ɗaki malaminta yana tsaye daga nesa, sa'an nan su yi musaya ita ma ta saurara. Ta gwada tsirkiyar C mai kauri a hankali ƙwarai ta ji ko tana amsawa da wuri, ta bi tsirkiyar G har wajen sautin da ake kira F da F mai kaifi, inda kusan kowane celo yake da wani amo mai kakarewa yana rawa. Samunsa ba aibi ba ne, har manyan tsofaffin suna da shi, kuma akwai ɗan ƙarfe da ake maƙalawa a tsirkiya ƙasa da jaki don a lafar da shi, amma idan ya yi tsanani har ya hana waƙa tafiya a bar wannan a nemi wani. Ku roƙi mai sayarwa ya haɗo da jaki na biyu wanda ya fi na farko gajarta kaɗan don lokacin damina, da cikakken saitin tsirkiya na ajiya, domin ba kullum ake samun su a Akra ba, kuma ta A ce take fara tsinkewa.